Waken da Gwaggo ke nema a jikin ƙoda

Tun ina da cikin ɗana, tun bai fara motsi ba, tsorona ɗaya ne: kada ya ɗauko ni. Ba kamannin fuska nake nufi ba, wannan ko wa ya ɗauko Allah ya raya. Ni mace ce da in ƙwarya ta suɓuce wa wani a bayana sai in ji kamar an zare mini laka. Gabana ya yi ta faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, har a share wurin a manta ni ban dawo daidai ba. Haka na tashi na ga kaina. Ban taɓa gaya wa kowa abin da nake jiye wa cikin nan ba. Mutum ɗaya ce ta gane ba tare da na buɗe baki ba, ita ce kuwa aka kai makwancinta bana, bayan an gama cirar gujiya. Gwaggon maigidana ce, yayar mahaifinsa. Gwaggo muke ce mata duk gidan, har da waɗanda ba gwaggonsu ba ce. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kwanakin zaman makoki a bakin ɗakinta na yi su, ina jin abin da mutane ke faɗi. Yawanci magana ɗaya ce: "Allah sarki, ta tafi ba ta bar baya ba." Domin ba ta taɓa haihuwa ba. Wata tsohuwa daga Kwaya ta gama addu'arta, ta karɓi goro, sannan ta ce, "To yanzu wa zai riƙa wanke mana hanji ran suna?" Aka yi 'yar dariya, aka tuna inda ake, aka yi shiru. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta ajiye ƙwaryarta a ƙofar gida ta yi kuka mai yawa. Ta ce duk garin nan tsohuwar nan kaɗai ke tambayarta lafiyar maruƙa kafin ta ɗanɗana nono. Wani dattijon mahauci ya tako da ƙafa tun daga Magarya, ƙanen marigayi mijinta ne. Muna jiyo shi daga zaure yana ce wa maza, "Matar nan in ta sa hannu a cikin dabba, sai ta gaya maka irin zaman da dabbar ta yi a duniya." Baba, mahaifin maigidana, wanda shi ne ƙanenta, carbi kawai yake ja, idonsa a ƙasa.

Maigidana ba ya nan. Tun kafin ruwan farko masu jar dara, 'yan sandan Nasara, suka zo suka ɗebi maza aikin tilas, fasa dutse a hanyar Damagaram, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Yayarsa ta zo daga Dungas, inda take aure. Ta yi kuka, kukan gaskiya, don Gwaggo ce ta goye ta. Amma da ta sauke ƙwaryar kayanta tana laluben goron da ta kawo, sai na hango sabon majanyi a ƙasa, farin saƙi, a ninke. Ba mai zuwa ta'aziyya da majanyi. Ita kuma ba ta da ɗa a raye, duk waɗanda ta haifa sun koma. Na san don wa aka saƙa shi. Tun ranar suna ta ce in an yaye ɗana nata ne, Gwaggo ce ta tare. Ga shi mai tarewar ta kwanta dama.

Ba zan ce Gwaggo mai sanyin baki ba ce, ƙarya ba ta amfanin mamaci. Masifa gare ta. Taba gari ba ta rabuwa da leɓenta, hannunta kuma warin kitse yake, wanda ko toka ba ta fitar da shi. In ka roƙe ta kanwa sai ta gutsuro maka abin da bai kai haƙorin jariri ba, tana mita. Baba da farin gemunsa, shi ne mai gida, amma ita "Auta" take ce masa a gaban kowa, kamar yaron da aka aika ɗiban itace. Tana budurwa ta auri mahauci a Magarya, dangi suka yi ta yatsina. Da ya rasu ta dawo gida da abu biyu, wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, da baƙin akushi. Daga nan duk gidan da aka yi yanka a unguwarmu, suna ko layya ko sadaka, ita ake kira wankin kayan ciki.

Tana da ɗabi'a ɗaya da mutane ke yi wa dariya. Kafin a taɓa nama sai ta leƙa wajen masu fiɗa ta ce, "A ciro mini ƙoda da kitsenta, kada a yage." Ta koma gefe da akushinta, ta yi ta tsaga kitsen da farcen babban yatsa kamar mai neman ƙwarƙwata. Layyar farko da na yi a gidan, ina amarya, ni aka sa in riƙa zuba mata ruwa. Na kasa haƙuri.

"Gwaggo, wai me kike nema a ciki?"

"Kawo hannunki, mai tambayar tsiya."

Ta ɗora mini wani ɗan nama a tafi, bai wuce ƙwayar wake ba.

"Kowace ƙoda tana da nata, a wajen kanta, ɓoye cikin kitse. Mahauta ba su kula shi, ba ya cika baki. Ni na kula, don zaman gidan mahauci ba ɗa a baya ido kawai yake bar miki. Dabbar da ta tashi hankalinta kwance, nata ƙarami ne sumul, irin wannan. Wadda aka wahalar tun tana 'yar mitsitsiya, aka raba ta da nono, aka yi ta kora da jifa, sai ki ga nata ya kumbura ya yi duhu, kamar waken da ya kwana a ruwa. Waken tsoro ke nan."

"Ba iska ce ke sa tsoro ba, Gwaggo?"

"Iska tana da nata aikin, ban hana ta ba. Amma wannan nama ne, 'yar nan, ga shi a hannunki. Tsoro ɗaki gare shi a jiki. In ya shiga tun ana gini, shi ke da gida."

Ta dube ni dubawa ɗaya, ta ce in zuba ruwa.

A gidan akwai wata jar akuya da ake ce wa Zabura. Na tarar da ita, kuma na tarar da labarinta. Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya zo rangadin ƙidaya ya sauka kusa da Kwaya, wani gardi, ɗan sandansa mai jar hula, ya shigo unguwa yana tara kaji da ƙwai da awakin tatsa. Ya kwance uwar Zabura, hantsarta cike, ita kuma Zabura ko cibiyarta ba ta faɗi ba. Gwaggo tana Magarya jinyar wata a lokacin. Aka kife 'yar akuyar da kwando don kada kare ya ɗauke, wanda ya tuna ya ɗura mata kunu, wanda bai tuna ba shi ke nan. Ta yi kuka har murya ta ƙare, baki kawai take buɗewa. Da Gwaggo ta dawo ta ɗaga kwandon, Baba ya ce, "Ai ta rayu." Ta ce, "Ta rayu, Auta, amma ba ta dawo ba."

Zabura ta girma, ba abin da ta rasa daga baya. Harawa ana ba ta, dusa ana ba ta, ba mai dukanta. Amma ba ta taɓa cin abu kanta a ƙasa ba. Ta figa, ta ɗaga kai, kunne na rawa. Sauran awaki su kwanta a inuwa suna tuƙa, ita tana tsaye jikin danga. Ba ta ƙiba ko da kaka. Ƙaya ta taɓa yankarta a cinya, miki ya daɗe bai warke ba, wanda a jikin wata da tuni ya bushe. Cikinta na fari tsawa ce ta zubar da shi. In ta hango jar hula, ko ta mai tallar goro ce, sai ta saki fitsari a tsaye, gashin bayanta ya miƙe. Gwaggo ta ce har warin jikinta daban yake, ita tana ji.

Ni kuma kowa ya san yadda aka same ni. A shekarar yunwa iyayena suka bi ayarin masu gudu kudu, ƙasar Ingilishi. Uwata ta faɗi a hanya. An ce an tsince ni a jikinta, ba a san ko tun yaushe ba, ina ta jan nonon da ba komai a ciki. Ƙanwarta ce ta raine ni da koko, cikin nata 'ya'yan da nata wahalar. Ban tuna ko ɗaya daga wannan ba. Jikina ne ya tuna.

Yaya, wato yayar maigidana, ita ta fara haɗa mu. Ta zo ganin gida, taɓarya ta faɗi, ni da akuyar muka yi tsalle tare. Ta yi dariya har da hawaye.

"Kai, ƙanena ya iya zaɓe! Zabura biyu a gida ɗaya, ɗaya a turke ɗaya a madafi."

Ba da mugunta ta faɗa ba, ita haka take, mai ban dariya ce. Amma sunan ya zauna. Sai a kira akuya ni in waiwaya.

Kafin in sami ciki Zabura ta haifi tagwaye, duka maza. Gwaggo ta kira ni in gani. Uwar kirki tana haihuwa take juyowa ta hau lasa, ta lashe ɗan tas tun daga hanci har wutsiya, tana yi masa wani ƙaramin gunaguni. Zabura ta lasa sau ɗaya ko biyu, kaza ta yi fiffike, ta bar su a ƙasa ta koma jikin danga tana rawa. Nononta ma ba zai isa biyu ba. Akwai wata tsohuwar akuya baƙa da nata ɗan ya zo a mace a kwanakin, mai nauyin jiki, wadda ko yara sun hau ta ba ta fasa tuƙa. Gwaggo ta jiƙa kanwa da dusa, kanwar nan da take rowa, ta shafe ɗaya daga tagwayen da ita, ta tura shi gaban baƙar. Ta shinshina, ta lasa don kanwa, ta sake lasa, har kanwa ta ƙare ba ta daina ba.

"Kin gani?" in ji Gwaggo. "Nono ciki yake ginawa. Harshe shi ke gina zuciya."

Haka suka tashi, uwa ɗaya uba ɗaya, turke ɗaya. Na wajen Zabura ya zama ita sak, ba ya bari a matso shi. Na wajen baƙar har ɗaki yake biyo mu yana cin gefen tabarma.

Da haihuwata ta zo ba ni da gidan da zan je wanka, ƙanwar uwata ta rasu. Gwaggo ce ta yi mini wankan jego, da ruwan da ke ƙona fata da faɗan da ya fi shi zafi. Shekarar ba mu da rago, lanho, wato haraji, ya ci, sai aka yanka ɗan Zabura na wajenta ran suna. Maza biyu suka sha fama kafin su kayar da shi. Ina ɗaki, mata cike, Gwaggo ta shigo hannunta a dunƙule, ta durƙusa kusa da ni kamar za ta gyara mini zane, ta buɗe. Waken ne guda biyu, kumburarru, masu duhu.

"Shi bai taɓa ganin gardi ba," ta ce a hankali. "Ba a taɓa kife shi da kwando ba. A wajen uwarsa ya samo."

Na dubi jaririn da ke kwance a gefena, na ji ɗakin yana juyawa. Abin da nake ɓoyewa tun ina da ciki, ga shi a tafin hannun tsohuwa.

Kun san yadda ake da ɗan fari. Ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa, ba a kallonsa a gaban mutane. In za ki ba shi nono ki kau da kai kamar an sa ki dole. Wadda ta fi nuna ba ruwanta da shi ita ce mai kunya, ita ake yabo. Ni kuwa wannan ya zo mini daidai, don tsoron taɓa shi nake. In na ɗauke shi hannuna rawa yake, shi kuma sai ya sandare ya tsala ihu. Mata suka fara cewa nonona na firgita ne. Aka karɓo rubutu, na sha, aka shafa masa.

Wata safiya bayan arba'in Gwaggo ta shigo da ɗan tandunta na man shanu, ta saki labulen asabari.

"Tuɓe shi. Ɗora shi a cinyarki."

"Gwaggo, ɗan fari ne fa."

"Na sani, ina wurin aka haife shi. Ke ba ki da harshen akuya, hannu Allah ya ba ki. Lakato."

"Hannuna rawa yake."

"Ya yi ta yi. Shafa da rawar. Daga wuya zuwa ƙugu, a hankali, kamar kina lallashin ɗanyar tukunya. Dube shi! Ba bango na ce ki duba ba. Kira sunansa."

"Wallahi ba zan iya ba."

"To kira shi a ciki, bakin zai biyo."

Ya yi ihu ranar, ya yi washegari. Ba ta bari na fasa ba. Kullum da hantsi, in maza sun tafi gona, sai ta zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gujiya, ta miƙe ƙafa ta tare hanya, duk wadda ta zo ta ce mata, "Mai jego na barci." A hankali yaron ya fara sakin jiki. Wata rana ina shafa bayansa sai na ji ya yi nauyi a cinyata, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya kama yatsana. Ranar sunan ya fito daga bakina, ban san lokacin ba.

Yaya ce ta kama mu. Ta zo ba zato, Gwaggo ta zagaya bayan gida, ta ɗaga asabari ta same ni ina yi masa waƙa, goshina a kan nasa. Ta saki salati, gida ya taru. A tsakar gida aka yi ta, a gaban Baba.

"Gwaggo, ke da kanki kike koya wa yarinya rashin kunya? Ɗan fari? Me za a ce da gidanmu a gari?"

"A ce gidan da ake shafa wa yaro mai."

"Wannan da ko kanta ba ta iya riƙewa? A yaye shi da wuri a ba ni, in raine shi ya zama namiji, kada ya tashi yana gudun kaza."

Baba ya yi gyaran murya ya ce al'ada dai al'ada ce, haka aka yi wa kowa, shi ma uwarsa ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba.

"Ni ce 'yar farin, Auta, ni za ka gaya wa?" in ji Gwaggo. "Har ta mutu 'ke' take ce mini. Ka ga na yi kama da wadda abin ya yi wa daɗi?" Ta tofar da taba. "Uwar da ke kau da kai daga ɗan fari tana da uwa da kaka da za su ɗauki ɗan su yi masa abin da ita kunya ta hana ta. Wannan wa gare ta? Muddin ina numfashi ba mai ɗaukar yaron nan."

Da kowa ya watse na same ta a ɗaki. Akwai abin da ke cina.

"Gwaggo, ai ke ma ɗauke wa Zabura ɗa kika yi, kika ba wadda ta fi ta."

Ta gyara tabar da ke leɓenta.

"Ran da ya faɗo na ɗauke shi, bai san warin kowa ba. Naki ya san naki. A cire shi yanzu, aikin gardi aka yi. Kuma Zabura na yi mata magana har na gaji, akuya ba ta jin Hausa. Ke na ce shafa, kin shafa." Sai ta nuna ɗan'uwan wancan da aka yanka, wanda baƙar akuya ta raina, an riga an dandaƙe shi ya zama taure. "Wannan nake so in buɗe in gani. Na san lasa ta gyara masa waje. Ban sani ba ko ta kai ciki."

Ba ta yarda an sayar da shi ba, duk matsin da aka shiga bayan an tafi da maigidana. Ita da ba ta iya ganin dabba ba ta ƙiyasta namanta ba, sai ga ta tana ba taure ɓawon gujiya a hannu tana zaginsa.

Tari ne ya kama ta da iskar ƙarshen damina. Ba ta daɗe a kwance ba. Ran da za ta tafi, da rana tsaka, ina ba ta ruwa, ta riƙe mini wuyan hannu da hannun nan nata mai warin kitse.

"Tauren nan na sadakata ne. Ke za ki wanke. Wuƙar tana cikin akushi."

Ran sadakar bakwai aka kwance shi. Ba a ja shi ba. Da ƙafarsa ya bi Baba har bayan rumbu, yana shinshinar aljihunsa ko akwai ɓawon gujiya. Na tsaya ina kallo, na ce a raina, ashe wanda bai san tsoro ba shi ke bin wuƙa da kansa. Zabura kuwa tun da ta ga an wasa wuƙa ta tsinke igiya ta shige ƙarƙashin rumbu. Ban san wanne ya fi wani dabara ba a duniyar nan da muke ciki. Gwaggo ce za ta iya amsawa, da zagi.

Na leƙa wajen masu fiɗa na ce, "A ciro mini ƙoda da kitsenta, kada a yage." Suka dubi juna. Dattijon mahaucin nan na Magarya ya dawo don sadakar, shi ya ciro da kansa ya miƙo mini da hannu biyu.

Na koma gefe da baƙin akushi. Na tsaga kitse da farce, na ɓata wuri, na sake. Sai ga shi. Ƙarami, sumul, kamar waken da aka ɓare yau. Na nemo ɗayan, shi ma haka. Ta kai ciki, Gwaggo. Na faɗa a fili, ba wanda zai ji, hawaye na zuba cikin ruwan hanji.

Inuwa ta rufe ni. Yaya ce, majanyin a kafaɗarta, ɗana a hannunta yana wasa da 'yan kunnenta. Ta san labarin waken, duk gidan an sani. Ta leƙa tafina.

"Na wajen baƙar akuya ne ko? To kin gani da idonki. Gwaggo ta ɗauke shi daga mai firgita ta ba mai natsuwa, ya yi kyau. Abin da na zo yi ke nan, ƙanwata. Ni ma hannu gare ni, kuma nawa ba ya rawa." Muryarta ta karye. "Ba abin da ya taɓa daɗewa a cikinsa ne kawai."

Na so in maimaita mata abin da Gwaggo ta gaya mini, bakina ya ƙi. Ni ba mai magana ba ce. Na wanke hannu da toka, na shiga ɗakin marigayiya na ɗauko tandun man, na fito tsakar gida inda mata ke zaune cike da tabarmi, na baƙi da na gari. Na miƙa hannu na karɓi ɗana. Na zauna a ƙasa, na tuɓe masa riga, na ɗora shi a cinya. Hannuna na rawa kamar mazari, kowa yana gani. Na lakato mai, na shafa daga wuya zuwa ƙugu. Na dube shi cikin ido na kira sunansa, da ƙarfi, har zaure.

"Subhanallahi!" in ji tsohuwar Kwaya. "Ɗan fari, a gidan makoki?"

Wata ta rufe baki da mayafi, wata ta ce dama tsintacciya ina za ta san kunya. Cikin wannan hayaniya wata yarinya ta yi tuntuɓe da tulin ƙore, suka zube a bayana da ƙara. Na zabura har tandun ya kife. Shi kuwa ya ɗaga kai, ya dubi ƙoren suna gangarawa, ya yi dariya, ya mai da kumatunsa kan gwiwata.

Yaya ta gani.

Baba ya shigo jin salati. Ya tsaya ya dubi ni da yaron, ya dubi akushin yayarsa a gefe. Na ɗauka zai yi faɗa.

"A bar shi har ubansa ya dawo," ya ce. "Shi zai yanke."

Washegari Yaya ta ɗaura kayanta. Majanyin ba ta sa a ƙwarya ba. Ta rataye shi a kan turken da ke bakin ɗakina, ta ce, "Ajiya na ba ki. Zan dawo in ɗauka, in Allah ya so da abin da zan goya a ciki."

Yana nan a rataye, ban taɓa shi ba. Kullum na fito shi nake fara gani, gabana ya faɗi. A rijiya mata sun daina ce mini Zabura, yanzu Marar-kunya ce. Maigidana ban san ko yana raye ba, in ma ya dawo ban san ko zai iya ce wa yayarsa a'a ba. Man da ya rage a tandu na kankare shi, Bafillatanar nan tana ƙara mini ba ta karɓar komai, ta ce na tsohuwa ne. Ina shafawa kullum da hantsi, ba mai tare mini ƙofa, na ma daina sakin asabari. Ɗa ba a buɗe shi a duba. Sai dai in yi ta yi, in bar wa Allah na ciki.

An ce Gwaggo ba ta bar baya ba. Ni dai na san yaro ɗaya da ƙore suka zube bai firgita ba.

Wanda wannan ya isa gare shi, ya yi mata ƙulhuwallahu, Allah ya haskaka kabarinta, ya yafe mata zafin bakinta. Kuma in akwai mai bin hanyar Damagaram ta wajen masu fasa dutse, don Allah ya tambaya ko akwai mutumin wajen Kwaya da ya bar ɗa yana rarrafe. Ya ce masa Gwaggo ta rasu, yaron yana tafiya, ya dawo ya gan shi da idonsa kafin ya ba kowa amsa.